Gargaɗi ga direbobi: ruwan kala ake sayar muku da sunan ruwan lagireto

Salamu alaikum. Wannan saƙo na direbobin haya ne da masu motocin gida a ƙauyukanmu, musamman masu bin hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, da masu zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Akwai wasu mutane da ke yawo ranar kasuwa da jarkoki a bayan babur, ruwa kore da ja da shuɗi, suna cewa ruwan sanyaya inji ne, wanda kanikawa ke kira kulan. Ba na cewa duk mai tallan jarka mugu ne. Amma a cikinsu akwai waɗanda abin da ke jarkarsu ruwan rijiya ne da aka zuba wa kala, wani lokaci da ɗan sabulu don ya yi santsi a hannu.

Yadda suke yi ba wuya. Suna bin gareji-gareji suna sayen jarkokin da aka gama amfani da su, masu tambarin kamfani da rubutu tsaf, su wanke, su cika, su mayar da murfi. Sai su jira mota ta tsaya a tasha an buɗe bonet. Mutum ya leƙo ya ce, "Oga, ruwanka ya yi tsatsa, wannan injin ba zai kai ka gida ba. Wace kala kake sa wa? Ga irinta nan, rabin kuɗin shago." Direba yana sauri, fasinja suna ta mita, ga shi kala ta zo ɗaya da wadda ya sani. Ya biya. Kafin ɓarnar ta fito an yi watanni, mai babur kuwa ya daɗe da sauya kasuwa.

Dukkan wannan damfara a kan abu ɗaya ta tsaya: mun ɗauka kala ita ce shaida. Kalar nan rini ce kawai da kamfani ke sa wa don a gane in ruwa yana yoyo. Abin da ke aikin ba a ganinsa da ido. Yawancin ruwan lagireto na gaskiya haɗi ne na tataccen ruwa da wani sinadari mai suna ethylene glycol, da magungunan hana tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Haɗin rabi da rabi yana kai wajen digiri 107 kafin ya tafasa, in kuma murfin lagireto yana riƙe iska yadda ya kamata, ya haura 120. Injin da ke aiki daidai yana zaune ne a kusa da digiri 90. Ka lissafa da kanka: Sharon ko Golf cike da mutane da buhuna, a watan Afrilu da zafin gari ke wuce digiri 40, an hau doguwar hanya. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin isa gida da kwana a daji.

Tafasa ma ba ita ce babbar illar ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, kuma in ya yi zafi sai ya bar farin ɓawo kamar wanda ke kama cikin butar shayi. Hanyoyin ruwa a cikin lagireto sirara ne ƙwarai, ba su jure wannan. Suna toshewa a hankali. Ƙarfe yana tsatsa, alminiyon yana cinyewa, famfon ruwa ya fara zuba. Daga nan allurar zafi ta fara hawa, gasket ya ƙone, ruwa ya shiga cikin baƙin mai ya mayar da shi kamar madara, top, wato kan inji, ya lanƙwashe. Mutumin da da wannan mota yake ciyar da gida, sai ka gan shi zaune a gareji mako guda yana neman rance. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wanda aka cuta shi ne direban da ya ƙi zuba ruwan rijiya, ya cire kuɗi daga cinikin yini don ya kula da motarsa.

In za ka saya, karanta littafin motarka ko ka tambayi bakaniken da ya san irinta. Motocin Volkswagen suna da nasu mai lamba G12 ko G13, Toyota tana da ja da kuma ruwan hoda, kuma ba kowanne ake gauraya shi da wani ba, don wasu in sun haɗu suna yin kauri su toshe hanya. Duk wanda ya ce maka nasa yana shiga kowace mota, ya kuma kasa nuna maka inda aka rubuta hakan a jikin jarka, ka bar masa kayansa. Duba murfin: zoben da ke ƙasansa ya kamata ya tsinke a hannunka, ba ka same shi a tsinke ba, ko an liƙe da gam. Girgiza jarkar, in kumfa ta taso ta ƙi kwanciya, akwai sabulu. Ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai tsabta a rana: ruwan kala yana bushewa ƙaf ya bar tabon rini, na gaskiya yana daɗewa da danshi mai santsi. Akwai kuma gwajin firiza. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifili, firizar gida kuwa a wajen 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Wasu na gaskiya ba su kai rabi da rabi ba, suna iya yin kauri-kauri, amma wanda ya wayi gari ya zama ƙanƙara tauri kamar ruwan leda, ka yi shakkarsa.

Don Allah kada wanda ya ɗanɗana da harshe don gwaji, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi. Na gaskiyar yana da zaƙi-zaƙi amma guba ne, yana kashe ƙoda, yana kisa. Kada a zuba shi a robar lemo ko ta zoɓo a ajiye inda yara ko dabbobi za su kai, kuma in za ka yi gwajin firiza, ka rubuta a jikin robar, kada ta kwana kusa da abin sha. Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Wanda ya riga ya zuba, ya je a juye shi duka, a wanke lagireton da tataccen ruwa kafin a sa mai kyau. Ka ajiye jarkar a matsayin hujja, ka sanar da shugabannin tasharku da sarkin kasuwa. Ana iya kai ƙara hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ko FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, a Kano kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jiha.

Kanikawa da masu gareji, ku ma ina roƙonku. Jarkar da kuka gama da ita ku huda ta ko ku yanka ta gida biyu kafin ku yar, ku kuma hana yaranku sayar da ita ga wanda ya zo yana neman mai tambari da murfi.