Shekara biyu da V8 ta hannu: guntun roba ya sa an sauke min inji gaba ɗaya

Tun watan jiya nake son rubuta sharhin nan amma duk sanda na zauna sai raina ya ɓaci in ajiye wayar. Yau dai na daure. Motar ƙirar Jamus ce ta 2008, ƙofa huɗu, injin V8, ƙafafun huɗu duk suna ja, irin wadda in ka ganta a fake za ka ce ta wani dattijo ce mai zuwa ofis, in ka taka totur kuma ta koma wata halitta daban. Ba zan kama sunan kamfani ba, masu irinta sun riga sun gane, kuma 'yan uwanta na shekarun duk halinsu ba shi da nisa da juna. Na saye ta ta hannu tana da kilomita 158,000 a kai, abin da na biya ko kuɗin ƙaramar mota sabuwa bai kai ba, shi ya sa lokacin nake jin kamar na yi wa duniya wayo.

Sau biyu na je duba ta kafin in biya, kuma duk biyun na tarar da ita a kunne a ƙofar gida, an wanke ta fes, esi ya sanyaya ciki, inji na ta aikinsa ƙasa-ƙasa ko motsi ba ka ji a sitiyari. Ni a wautata na ɗauka karamci ne irin na mai mota. Ko sau ɗaya ban ce a kashe ta a bari ta huce in tayar da hannuna ba, bakaniken da na tafi da shi ma taya da ƙasan mota ya leƙa, ya jona ɗan kwamfutarsa ya ce ba kod ɗin matsala ko ɗaya, sai muka yi ciniki.

Washegari da asuba na murɗa ta sai na ji kar-kar-kar-kar daga can bayan inji, wajen dashbod, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani an girgiza. Daƙiƙa biyu ko uku, sai shiru. Na kashe na sake tayarwa, ba komai. Nace ƙila sanyi ne. Haka na yi ta yaudarar kaina kusan wata bakwai, kullum da safe sai ta gaishe ni da wannan ƙarar, kuma ƙarar tana ƙara tsawo a hankali, daga daƙiƙa biyu ta koma biyar, daga baya ko rana ce in ta yi awa uku a fake sai ta yi. Na canza baƙin mai, na canza filta, wani ya ce in sa mai kauri na sa, ta ɗan lafa na sati biyu ta dawo. Ranar da fitilar cek inji ta kama aka jona kwamfuta sai ga P0016, wato lissafin kirankishaf da na kamshaf sun daina tafiya tare. Bakaniken, wani daban ba na farkon ba, ya cire tabarau ya kalle ni yace "Yallaɓai, da me ka zo nan?" Nace da ita mana. Yace "To kar ka koma da ita."

Bayanin da ya yi min a ranar shi ne wanda ya kamata in nema tun kafin in fitar da kuɗina. Injin ba bel yake amfani da shi ba wajen taimin, wato daidaita motsin fistin da na bawul, sarƙa ce, kuma ana tallar sarƙa a kan cewa ba a canza ta kamar bel. To sarƙar kanta ƙarfe ce tana daɗewa, amma tana gudu ne a kan wasu dogayen robobi masu tauri da ke riƙe mata hanya, sannan akwai tenshina da ke tura ta ta yi tsam, ita kuma tenshinar da ƙarfin baƙin mai take aiki. In mota ta kwana mai ya sauka ƙasa, tenshinar da ta gaji ba ta riƙewa, to da ka tayar sarƙa za ta yi ta dukan robar nan har sai mai ya hau. Ƙarar da nake ji kenan. Robar kuma shekara goma sha tana dahuwa cikin mai mai zafi, ta bushe ta zama kamar busasshen ƙashi, duka kaɗan take jira. In ta fashe sarƙa ta tsallake haƙori, fistin da bawul za su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, bawul 32 ne a injin nan, sai ka zaɓi nawa kake so su lanƙwashe. Kuma shi ya sa mai motar yake tayar min da ita kafin in iso. Da zafinta ba ta faɗin komai.

Duk wannan da sauƙi da a ce sarƙar a gaba take kamar ta yawancin motoci, a cire lagireto da fanka a kai gare ta. Ina! Waɗanda suka zana injin nan a baya suka kai ta, tsakanin inji da giya, kuma ba ɗaya ba ce, sarƙa huɗu ce a wurin. Ba hannun da zai shiga. Sai an kwance gaban motar, an zare wayoyi da bututai, an sauke inji da giya tare a ƙasa, an raba su, sannan ka ga murfin. Na tsaya a garejin ina kallon motata a sama kan lif cikinta fayau kamar an feɗe rago, injin yana gefe a kan tebur, wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Da aka buɗe ya ciro min guntun robar da ya karye, launin ruwan ƙasa, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, sauran ɓurɓushin kuma a cikin kaskon mai aka same su sun fara toshe rariyar famfon mai. Ya ɗora min a tafin hannu yace ga abin da ya kawo mu. Yana nan a aljihun tebur ɗina har yanzu, in wani ya ce min zai sayi irin motar sai in ɗauko in nuna masa.

Abin da ya fi ƙona min rai a lissafin, robobin su ne mafi araha a takardar. Kuɗin aiki ne ya cinye, sai kuma wata kalma da na tsana yanzu, "tunda an riga an sauke". Tunda an riga an sauke a canza sarƙoƙin duka da tenshinonin. Tunda an riga an sauke ga sil ɗin bayan kirankishaf yana jiƙewa. Ga gaskit ɗin murfin bawul yana ɗigar da mai kan salansa, ashe ƙaurin da nake ji a danja kenan, kuma man ya gangara ramin fulogi ya jiƙa koyil uku. Ga kujerun inji sun zube, irin masu ruwa a ciki ne. Ga wani bututun ruwa na roba da ya taɓa shi kawai ya ɓalle a hannunsa. Kuma gaskiya ba zan ce cutata ya yi ba, kowanne ya nuna min da idona, in na ƙi yanzu gobe sai an sake sauke injin saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka cire manifol, hanyar da iska ke bi ta shiga inji, kuma muka leƙa bawul ɗin shigar iska, baƙin dauɗa ya daskare a kansu kamar kwalta. Wai irin injin da nozul ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda haka yake, fetur ba ya bi ta bayan bawul balle ya wanke shi, sai tururin mai ya yi ta taruwa. Da garin ɓawon wani ɗan itace mai tauri, wolnot, ake fesa shi da iska a kankare. Shi ma aka ƙara a takarda.

Sati biyar ta yi a garejin, biyu daga ciki jiran kaya ne kawai. Abin da na biya ya kusa kashi biyu cikin uku na kuɗin da na sayi motar. Kafin nan na tambayi babban garejin dillalai, nasu lissafin ya fi kuɗin motar gaba ɗayanta, ko zama ban yi ba. Maman yara ta ga takardar a kan tebur ba ta ce komai ba sai "Allah ya sa ta ƙare a nan", wannan shirun nata ya fi min faɗa ciwo.

Amma fa ranar da na karɓo ta, kai! Dole in faɗi gaskiya. Ashe duk wata bakwai ɗin nan rabin mota nake tuƙawa. Da aka wanke bawul aka sa koyil da fulogi takwas sababbi, ɗan taɓa totur kaɗan sai ka ji an manna ka da kujera, sautin kuma ba ihu ba ne irin na yaran da ke fasa salansa, wani gurnani ne daga ƙasa mai nauyi. A babban titi in ka zo wuce tirela ba ka lissafi, kafin ka gama tunani ka wuce. A kwana tana zaune daram kamar an ɗaure ta da ƙasa, ko ruwa ake yi ba ta zamewa, ciki shiru har kana jin numfashin yaron da ya yi barci a baya. Na yi tafiyar awa shida na sauka bayana ko gezau. A wannan satin da an tambaye ni tauraro biyar zan ba ta, har na fara gaya wa abokai ai mota ce kawai take son wanda ya san darajarta, in ka gyara sau ɗaya ka huta.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba, kuma tsugunen gaske nake nufi. Wata uku bayan nan na fito da safe na tarar gaban hagu ya durƙusa kamar raƙumi, taya ta shige cikin mudgad. Ba sifirin ƙarfe gare ta ba, balan-balan ɗin iska ne a kowace ƙafa da kwamfireso mai hura su. Robar ta tsage a inda take naɗewa, ruwan sabulu aka fesa sai ga kumfa. In na tayar takan tashi ta daidaita, sai na ce bari in lallaɓa zuwa ƙarshen wata, to wannan lallaɓawar ce ta ƙona kwamfireson dan ba ya hutawa, yana ta hura abin da ke zuba. Nan laifina ne na yarda. Amma kuma ba a canza ɗaya, sai biyun gaba tare. Ana cikin wannan aka ga bushin ɗin hannuwan ƙafa sun yage, hannu huɗu ne a kowane gefe na gaba, takwas kenan, na alminiyom, kuma yawanci da hannun ake sayar da su gaba ɗaya, bayan an ɗaura sai alaimen.

Ƙananan kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Batir a but yake, kuma in ka canza sai an jona kwamfuta an gaya wa motar cewa sabo ne, in ba haka ba ta ci gaba da caja shi kamar tsohon. Juyen mai kusan lita tara take sha, kuma ba kowane mai ba. Man giya an ce min na har abada ne ba a canzawa, da ta fara ɗan bugu in za ta sauko daga giya biyu zuwa ɗaya aka zubar da shi baƙi ƙirin yana ƙauri, to abadan ɗin nasu ban san shekara nawa ba ne. Birki in ya ci ba fad kaɗai ba, har faifan da 'yar wayar sansa. Tayoyin faɗi gare su ga sirantar gefe, rami ɗaya ya kumbura min guda. Fetur kuwa ba na son maganar, a cunkoso kana iya kallon allurar tana sauka. Ita motar ta faɗi a kasuwa har irina ya iya saye, amma kayanta ba wanda ya gaya musu, suna nan a farashin mai kuɗin da ya saye ta sabuwa.

Na zauna da takardun garejin jiya na tara su, a shekara biyu abin da na kashe a gyara ya haura kuɗin sayenta, ban sa mai da taya ba. Dan haka tauraro biyu. Ko dai uku, saboda tafiyar nan ta awa shida da kuma kujerun da har yau fatarsu ko tsagewa ba ta yi ba. A'a biyu, na tuna da sati biyar ɗin da na yi ina roƙon a rage min hanya.

Wani yaro abokin ƙanina ya matsa min wai in sayar masa, ya ji sautinta sau ɗaya ya rikice. Nace masa ya zo ranar Asabar da sassafe, makullin zai tarar a kan bonet, ya taɓa bonet ɗin ya ji sanyinsa sannan ya tayar da kansa, ya kuma taho da bakanikensa ba nawa ba. Zan ba shi takardun duka da guntun robar. Farashi ne dai har yanzu ban faɗa masa ba, kuma tun shekaranjiya akwai wani ɗan ɗigon ruwa ja-ja a ƙarƙashin gaban dama da nake ta ajiye kwali ina dubawa.