Hattara da mai sayar da dashen "bulubari" a Garwa

Jama'ar Garwa da kewaye, musamman masu kiwo a gida, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallan dashe a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, yana cewa wai bulubari ne, wani ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye da ake sha, wanda masu Faransanci ke kira mirtil. Ba ya zubar da ganye rani da damina, in ji shi, yana tara tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, kuma yara su sha 'ya'yan. Ni dai na faɗa tarkonsa, shi ya sa nake magana.

Abin da ya ja ni shi ne tsuntsayen. Tun da aka sare dalbejiyar da ke ƙofar gidanmu a Yelwa, ko kukan kurciya ba ma ji da safe. Na tura masa sefa 15,000 ta waya, kuɗin dashe 10, ya ce daga Ngaundere zai ɗoro su a mota. Kuma ya aiko ɗin, a nan dabararsa take. Leda baƙa goma, kowace da ɗan tsiro kore shar. Na jera su jikin katanga ina ban ruwa safe da yamma.

Bayan wata biyu suka yi fure, tarin ƙanana a dunƙule, rawaya a tsakiya, ja-ja a gefe. Malam-buɗe-littafi kuwa sun zo, ban musa ba. Sai ranar nan wani dattijo mai sayar da dashe a bakin Binuwai ya zo kawo mini lemun tsami, ya tsaya ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya kai mini hanci. Wani wari mai hawa kai.

"Alhaji, wa ya ba ka wannan?"

"Bulubari ne, Baba. Saye na yi."

Ya yi dariya har da riƙe katanga. "Lantana ce, ɗana. Ka ɗaure akuyoyinka."

Ashe kallon kitse nake wa rogo. Lantana asalinta daga yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu take, an baza ta duniya a matsayin furen ado, yanzu tana cikin jerin halittu 100 mafi mamaye ƙasa da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta fitar. Ganyenta guba ne ga shanu da tumaki da awaki: yana taɓa hanta, dabba ta yi shawara, ta daina cin abinci, fatar hanci da wuraren da ke da farin gashi ta riƙa saluɓewa in rana ta buga. Ɗanyun 'ya'yanta korayen nan ma haɗari ne ga yara. Tsuntsayen da ake mana talla da su kuwa, su ne ke cin nunannun su je su kasayar da irin a gonar maƙwabci.

Gane ta ba wuya. Ganyen yana da kaushi kamar harshen kyanwa, bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, karan mai kusurwa huɗu ne, sau da yawa da ƙananan ƙayoyi. Bulubari na gaskiya ganyensa sumul ne, furensa fari kamar 'yar ƙararrawa. Yana son ƙasa mai tsami sosai, kuma galibin irinsa sai ya sha sanyi na ɗaruruwan awowi kafin ya yi 'ya'ya. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ina zai samu wannan? Da na tsaya na yi wannan lissafin tun farko, da kuɗina na aljihu.

Na kira mutumin, ya ce wai "irin Afirka" ne. Kira na biyu ya toshe lambata. Shekaranjiya na ga hotunan nan dai a wani guruf na Marwa, da sabon suna.

Wanda ya riga ya saya, ya tumɓuke har saiwa, don in sara kawai aka yi tana sake tohowa, kuma kada a zubar inda dabbobi ke kiwo. Nawa na busar na ƙone. Baba ya yi mini alkawarin cizaki guda huɗu: shi ma kore ne duk shekara, yana jure fari, ƙayarsa na yin shinge, 'ya'yansa mu sha tsuntsaye su sha. Ya ce in haƙa ramukan in zuba taki, sai ruwan Yuni ya zauna zai kawo.