Kafin ka sayi fulat a bene a Bauchi, tsaya ka ji

Masu tambayata wace unguwa ce ta fi dacewa a sayi fulat na alfarma a Bauchi, irin benen nan da kowa ke da nasa sashe amma haraba da ruwa da maigadi na haɗaka ne, ni dai amsata ba ta canjawa, Tsohuwar GRA.

Tun zamanin Turawa aka yanka unguwar, shi ya sa filayenta manya ne, tituna a miƙe, ga manyan itatuwan da suka shekara suna ba da inuwa, a watan Afrilu da garin ke tafasa za ka ji bambancin da kanka. Ba hayaniya, kuma in kana son sayayya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ba wata doguwar tafiya ba ce. Amma ka nemi ƙaramin bene, gida huɗu zuwa shida, inda za ka san maƙwabcinka da fuska, domin in gidaje suka yi yawa haɗa kuɗin gyaran famfo ma sai an yi ta jayayya. Yelwa ta ɗalibai ce, ba wurin iyali mai son natsuwa ba. Cikin gari kuwa, wajen fada da tsofaffin ƙofofi irin su Ƙofar Ran, tarihi kam akwai shi tun daga Malam Yakubu, sarkin Bauchi na farko, sai dai lunguna sun yi wa mota kaɗan, kuma gidajen gado sun yi yawa.

Yanzu maganar ruwa, nan ne na sha wuya. Kada tayil da fitilun falo su ruɗe ka ɗan'uwa. Inda na taɓa zama an ce mana akwai rijiyar burtsatse, bazara na shiga ta ƙafe, muka koma sayen ruwan 'yan garuwa ana hawa da jarka har bene na biyu, alhali mai kula da gidan bai fasa karɓar kuɗin hidima ba ko na wata ɗaya. Ka tambaya ko ruwan famfo na madatsar Gubi na zuwa layin, ka ga tankin da idonka, ka tambaya sola ce ke jan ruwan ko janareta, wa ke sayen mai, sannan kowane gida da mitarsa ko ta haɗaka ce. Ka je duba gida a Maris ko Afrilu, da damina kowace rijiya cike take.

Babban abin da ya fi tayar min da hankali shi ne takardu, wallahi a nan ake cutar bayin Allah. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka yawanci ta shekara 99 ce, kuma sayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. To bene guda fili ɗaya ne, takardar ɗaya ce da sunan mai ginin, kai me za ka riƙe? Dole lauyanka, naka na kanka ba na dillali ba, ya rubuta yarjejeniyar da ta fayyace lambar gidanka da rabonka a haraba, a yi mata rajista. Ya je ma'aikatar filaye ya bincika ko takardar ta gaske ce, ko an jinginar da ita a banki an ci bashi, domin akwai masu nuna maka hotonta a waya ko kwafi su ce ta asalin tana Abuja. Akwai masu sayar da fulat ɗaya ga mutum biyu, akwai masu karɓar kuɗi tun gini na tushe su nuna maka zanen kwamfuta mai kyalli, shekara ta zagayo ko kankaren bene ba a zuba ba. In tsohon gidan gado aka rushe aka yi benen, ka tabbata duk magada sun sa hannu har da mata. Dillalin da ya ce maka "Alhaji akwai wani zai biya gobe", ka ce masa Allah ya sa alheri, kuma kada ka tura ko sisi asusun da ba sunan mai takardar ba.