Daren Hira da William Shatner: Abin da Mai Tikiti Zai Samu

Shekaru da dama ke nan William Shatner, jarumin da ya fito a matsayin Kyaftin James Kirk a shirin talabijin na Star Trek, yana zagaya biranen Amurka da wani shiri mai kashi biyu. Da farko ana haska fim ɗin Star Trek II: The Wrath of Khan na 1982 a babban allo, daga nan kuma shi da kansa ya hau dandamali, ya zauna da mai gabatarwa, ya yi hira ya kuma amsa tambayoyin 'yan kallo. Na halarci ɗaya daga cikin waɗannan zama a wani tsohon gidan wasan kwaikwayo kusa da garin da nake zaune, kuma a ganina tikitin gama-gari ya biya kuɗinsa har da riba, amma tikiti na musamman da ake haɗawa da ɗaukar hoto bai kai abin da ake karɓa a kansa ba.

Wani zai ce mene ne amfanin biyan kuɗi don kallon fim ɗin da ya haura shekara 40, wanda kowa zai iya kunnawa a ɗakinsa. Amsar tana cikin jama'ar da ake kallon da su. Zauren ya cika da dattawa masu furfura, wasu sanye da jar rigar jami'an kumbo irin ta cikin fim ɗin, wasu kuma riƙe da hannun jikokinsu, kuma da aka zo wurin da Kirk yake ƙwala kiran sunan maƙiyinsa Khan cikin fushi, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka tare da shi. Zaɓen wannan fim ɗin ma akwai hikima a ciki, domin labari ne na tsufa tun daga farkonsa: an ƙara wa Kirk girma an ajiye shi a ofis, likitansa kuma amininsa McCoy ya kawo masa tabarau na karatu a matsayin kyautar ranar haihuwa, shi kuwa yana jin cewa kwanakinsa na amfani sun wuce. Shatner yana da shekara 51 lokacin da fim ɗin ya fito. Kallon wannan damuwa a fuskarsa, alhali ka san mutumin yana zaune a bayan labule ya haura shekara 90, abu ne da ba za a same shi a gida ba. Yawancin waɗanda ke kan allon sun riga mu gidan gaskiya: DeForest Kelley a 1999, James Doohan a 2005, Ricardo Montalbán da ya fito a matsayin Khan a 2009, Leonard Nimoy da ya fito a matsayin Spock, abokin Kirk, a 2015, sai Nichelle Nichols a 2022. Da aka kai ga mutuwar Spock, inda shi da Kirk suka ɗora tafin hannu a kan gilashin da ya raba su, matar da ke gefena ta cire tabarau ta riƙe a cinya, ba ta mayar ba sai da aka kunna fitilu.

Bayan ɗan gajeren hutu Shatner ya fito, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne muryarsa, wadda har yanzu take da ƙarfi da kaifi, ga kuma iya sarrafa ta. An haife shi a Montreal ta ƙasar Kanada a 1931, kuma kafin talabijin ya san da shi ya goge a wasannin Shakespeare a dandalin Stratford na Ontario, inda a 1956 ya maye gurbin Christopher Plummer a wasan Henry V da rashin lafiya ta kama Plummer. Wannan horon na nan a jikinsa. Ya san inda zai dakata, ya san inda zai sassauta murya har sai kowa ya karkato da kunne, kuma bai yarda ya daɗe a kan kujerar da aka ajiye masa ba, sai ya tashi ya zo bakin dandamali yana magana da hannu da fuska.

Wanda ya je da niyyar samun amsa kai tsaye zai sha mamaki, domin Shatner ba ya amsa tambaya ta hanyar da aka yi ta. Kamar tsoho ne a zauren gida da za ka tambaye shi kuɗin doki, ya ɗauko maka tarihin kasuwar da aka sayo shi da halin mutumin da ya sayar, sai can ka ga ya dawo kan tambayarka ta ƙofar da ba ka zata ba. Ni a wurina wannan yawon shi ne kayan da ake sayarwa, kuma yana da daɗi. Ya ba da labarin yadda shi da Montalbán ba su taɓa tsayawa gaba da gaba a fim ɗin ba, domin an ɗauki ɓangaren kowannensu daban, duk da cewa mai kallo yana jin kamar ƙiyayyar tasu za ta fasa allon. Ya kuma taɓo shekarun wahala bayan da tashar NBC ta soke shirin talabijin na Star Trek a 1969, bayan kashi 79 kacal, lokacin da aurensa ya mutu, aiki ya yi wuya, har ya koma kwana a wani ɗan ɗaki da aka ɗora a bayan motar a-kori-kura yana bin ƙananan gidajen wasa. Gaskiya ne cewa duk wanda ya daɗe yana bibiyar hirarrakinsa ya taɓa jin waɗannan labarai, kuma wannan ragi ne ga tsohon masoyi. Sai dai jin su daga bakinsa, da ganin yadda yake auna dariyar jama'a kafin ya ci gaba, ya sa ban ji an maimaita mini ba.

Inda zaman ya fi nauyi shi ne da aka zo kan tafiyarsa sararin samaniya. Ranar 13 ga Oktoba 2021 ya shiga kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin daga yammacin jihar Texas, yana da shekara 90, ya zama mutum mafi tsufa da ya taɓa zuwa sararin samaniya a wancan lokaci. Tafiyar ba ta wuce kimanin minti 10 ba, kumbon ya ɗan haura kilomita 100 sannan ya sauko da lema. Kowa ya zaci mutumin da ya shafe rabin ƙarni ana danganta shi da yawo tsakanin taurari zai dawo da murna, amma abin da ya faɗa wa duniya tun daga ranar, ya kuma sake faɗa mana a daren, shi ne baƙin ciki ne ya rufe shi. Da ya dubi sama bai ga komai ba sai baƙin duhu mai sanyi da ya tuna masa da mutuwa, da ya waiwayo kuma sai ya ga shuɗin iskar da ta lulluɓe duniya ba ta da wani kauri, kuma duk abin da ke numfashi a ƙarƙashinta yake. Daga nan ya gangaro kan halittun da ke ƙarewa da ɗumamar yanayi da duniyar da za a bar wa jikoki. Bai ɗaga murya ba a wannan ɓangaren, bai kuma nemi tafi ba, kuma na yarda da shi ƙwarai, domin ba abin da mai tallan tafiye-tafiyen sama zai so a faɗa ba ne. Kan Nimoy, wanda kwana huɗu ne kawai tsakanin haihuwarsu, bai yi dogon bayani ba, ya dai yi maganarsa da ƙauna ya wuce.

Aibin shirin yana wajen masu shirya shi. Tambayoyin 'yan kallo an tattara su ne tun kafin a fara, mai gabatarwa ya zaɓi waɗanda yake so ya karanta, saboda haka babu wanda ya samu ya miƙe ya yi magana da baƙon da bakinsa, kuma da yake kowace amsa tana da tsawo, kaɗan ne aka taɓa a cikin kusan sa'a guda da aka yi. Na fahimci dalilin, tunda mutum mai waɗannan shekaru ba za a bar shi ga duk wanda ya kama makirufo ba, amma ya kamata a bayyana haka sarai a wajen sayar da tikiti. Lasifikar zauren ma an daidaita ta ne don fim, ta yadda da ya sassauta murya sai na bene suka riƙa neman a ƙara sauti.

Tikiti na musamman ya ninka na gama-gari, kuma abin da ya ƙara shi ne kujera a gaba da hoto ɗaya bayan an tashi. Kujerar tana da amfani. Hoton kuwa layi ne mai tsawo a wani lungu, ma'aikata suna ta gargaɗi cewa ba musabaha, ba sa hannu a takarda, ba tsayawa hira. Idan layi ya zo kanka za ka tsaya a gefen kujerarsa, fitila ta haska, a nuna maka ƙofar fita kafin ka gama gaisuwa. Wani dattijo da ke gabana ya zo da 'yar takarda da ya rubuta abin da yake so ya faɗa, na ga ya ninke ta ya mayar aljihu tun kafin ya isa. Wanda kuɗinsa ke da iyaka gara ya sayi kujera mai kyau a ƙasa, kusa da tsakiya, ya bar hoton.

Hirar da Turanci ake yin ta, cikin sauri da barkwanci, ba kuma rubutu a allo, don haka tana buƙatar kunnen da ya saba. Wanda bai san Star Trek ba zai iya bin fim ɗin, amma zai fi jin daɗinsa idan ya fara kallon kashin shirin talabijin ɗin mai suna Space Seed na 1967, inda Khan ya fara bayyana, domin a can ne asalin gabar tasa da Kirk take. Zaman gaba ɗaya, da fim da hutu da hira, yana kai wa kusan sa'a uku da rabi, saboda haka mai zuwa da yara ko tsofaffi ya shirya abin hawan komawa gida tun da wuri.