Shekara guda da Prius a titunan Kano

Lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu 2023, Corolla ce a hannuna. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Tsakanin kai yara makaranta da zuwa wurin aiki ina yin kilomita 40 a rana, albashi kuwa bai motsa ba. Wannan ne ya sa na sayar da ita na ciko kuɗi na ɗauki Toyota Prius ƙirar 2010, 'yar Kwatano, mai haɗa inji da batir.

A cikin gari motar ta cika alkawari. Idan na shiga cunkoson Kurna ko na Bata, inji yakan mutu da kansa, mota ta riƙa lallaɓawa da batir shiru kamar an tura ta. Duk taka birki kuma caji ne yake komawa batirin, ba sai an jona ta da wuta ba. Corolla tana shan kusan lita 4 a rana, wannan kuwa 2 da ɗoriya. A wata ina rage lita 45 zuwa 50. Amma a hanyar Kaduna, inda ake miƙe gudu, bambancin yana raguwa sosai, domin inji ne ke ɗauke da aikin. Haka ma a zafin Afrilu, idan esi na kunne, inji ba ya samun hutu kamar da.

Inda lissafin yake da nauyi shi ne farashi. Sama da abin da zan biya wa Corolla mai shekarunta, na ƙara kusan naira miliyan ɗaya da rabi. Da abin da nake ragewa a mai, sai na yi kusan shekara uku kafin kuɗin ya dawo, in batir bai ba da matsala ba. Nawa kuwa ya tsorata ni a wata na bakwai. Gargaɗi ya cika fuskar mota, ƙarfinta ya ragu. Bakanike na farko ya leƙa ya ce a canza batir gaba ɗaya. Na biyu, wanda yake da kwamfutar gwaji, ya bi hanyar iskar da ke gefen kujerar baya ya ciro fankar da ke sanyaya batirin. Ƙurar hunturu ta toshe ta har ta zama kamar auduga. Ya wanke, ya mayar, gargaɗin ya ɗauke. Tun daga nan duk wata uku nake sa a duba ta.

Ƙasan motar gajere ne, tana gogar tudun titi idan an cika ta da mutane. Mota mai lantarki zalla kuwa na so ta, amma a unguwarmu wuta ba ta kai a dogara da ita, caji da janareta kuma komawa gidan mai ne.

Mai yawan zirga-zirga a cikin gari, ina ba shi shawarar ya sayi Prius, da sharaɗin ya je da mai kwamfuta a gwada batirin kafin ya biya ko sisi. Wanda motarsa ke fita ranar Juma'a da biki kawai, Corollarsa ta ishe shi.