Grease Pencil na Blender: ya dace da mai haɗa katun shi kaɗai?

Mai haɗa katun shi kaɗai lokaci ne babban abokin gabarsa. Katun kan tafi da firam 24, wato hotuna 24, a daƙiƙa ɗaya. Ko an bar kowane zane ya zauna firam biyu, minti ɗaya sai ya ci zane 720. Da wannan lissafi ya kamata a auna Grease Pencil, wato sashen zanen hannu da ke cikin manhajar Blender.

Blender kyauta ce, gidauniyarta tana Amsterdam tun 2002, kuma a sigar 2.80 ta 2019 Grease Pencil ya zama cikakken kayan aikin katun. Abin da ya raba shi da sauran manhajojin zane irin Krita ko FlipaClip shi ne zanenka yana zaune a fili mai zurfi, wato 3D. Sai ka gina shago ko tsakar gida sau ɗaya, ka dasa mutanen da ka zana a ciki, ka riƙa juya kyamara yadda kake so. Zanen bango, wanda kan cinye kwanaki, ya fita daga wuyanka ke nan. Wannan kaɗai ya isa dalilin koyonsa.

Amma akwai wuraren da sabon shiga ke tuntuɓe. Umarnin Interpolate, mai cike motsin da ke tsakanin zane biyu, yana bin layuka ne bisa jerin da aka ja su. Idan a zanen farko ka fara da kai, a na biyu ka fara da hannu, sai layukan su murɗe. Maganinsa ka kwafi zanen farko, ka gyara shi da Sculpt Mode, yanayin da ake turawa da lanƙwasa layukan da aka riga aka zana. Bokitin launi kuma kan ƙi cikawa ko ya malale idan layi bai haɗu ba, sai a ƙara ƙarfin Gap Closure, mai toshe giɓin layi. In ka ga launuka sun dusashe bayan fitar da bidiyo, duba saitin launi na View Transform, ka mayar da shi Standard. Wanda ya buɗe aikinsa da tsarin 2D Animation ya tsira daga wannan tun farko.

Motsin baki ne inda yawancin ayyuka ke tona asirin kansu, kuma a nan manhajar ta yi kyau ƙwarai. Zana siffofin baki shida zuwa tara a leya guda (shimfiɗar zane ɗaya), kowace a nata firam, ka ɗora Time Offset, mai zaɓar firam ɗin da za a nuna, a yanayin Fixed Frame, sannan ka riƙa canja lambar firam bisa sauti. Ka fara naɗar murya kafin zane, ka kunna Sync to Audio, in ba haka ba hoto zai riƙa jan ƙafa a bayan magana alhali kana zaton ya daidaita. Murya mai tsabta tana ɗaga katun fiye da ƙarin zane ɗari.

Kada ka fitar da aiki kai tsaye a matsayin bidiyo. Fitar da shi hotunan PNG a jere, don in an ɗauke wuta a firam na 900, daga nan za ka ci gaba.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne: maɓallai sun yi yawa, makonnin farko akwai wuya. Tana son ƙwaƙwalwar kwamfuta aƙalla gigabait 8, kuma daga sigar 4.0 sai katin hoto na kwamfuta (graphics card) mai ɗaukar OpenGL 4.3. Mai tsohuwar laftof ya nemi sigar 3.6. Allon zane na Huion, XP-Pen ko Wacom shi ya fi dacewa, zane da linzamin kwamfuta akwai wuya.

Batun zaɓen fannin katun da za ka yi kuwa, manhajar da kanta tana nuna hanya. Tunda ribarta tana cikin maimaita wuri da mutane, ta fi dacewa da jerin gajerun shirye-shirye na daƙiƙa 30 zuwa 60, a tsaye, faɗi 1080 tsawo 1920, mutum biyu ko uku a wuri ɗaya: Gizo da Ƙoƙi a bukkarsu, malamar asibiti tana bayanin rigakafi, ko tallar ƙananan 'yan kasuwa. Mai burin fim ɗin faɗa na minti 20 ya jira har ya samu abokan aiki. Ka riƙe fanni ɗaya har kashi goma, sannan ka duba a wace daƙiƙa masu kallo ke ficewa, ka gyara wannan wurin a kashi na gaba.