Na hau Tiger Moth, jirgin da ya girmi babana

Tun da na sa hotona a cikin jirgin saman nan ake ta tambayata wai kuɗin da na kashe ya biya kuwa, to bari in amsa gaba ɗaya. Wani kamfani ne a wani ƙaramin filin jirgi na ciyawa a kudancin Ingila, suna ɗaukar mutum yawo a tsofaffin jiragen koyon tuƙi na soja, ni Tiger Moth na zaɓa.

Sau biyu suna ɗage min rana wai iska ta yi yawa, na biyun ma har na shiga jirgin ƙasa sannan saƙonsu ya shigo, ranar na ji haushi ba kaɗan ba. Amma da na ga jirgin da idona sai na yi shiru. Katako ne da bututun ƙarfe aka lulluɓe da yadi, fukafukai biyu sama da ƙasa an ɗaure su da wayoyi, wallahi iska mai ƙarfi wasa za ta yi da shi kamar leda.

Matuƙin wani dattijo ne mai son hira, kafin mu tashi sai da ya zagaya da ni yana nuna min komai. Kamfanin de Havilland ne ya ƙera jirgin, ya fara tashi a 1931, kuma daga wani jirginsu na farar hula mai suna Moth aka samo shi. Sojan saman Birtaniya ne suka ce dole wanda ke kujerar gaba ya iya fita da lemar dirowa daga sama in abu ya ɓaci, shi ne aka matsar da fiffiken sama gaba, sannan aka ɗan karkatar da fukafukan baya don daidaiton jirgin kar ya lalace. Ni da na ɗauka don ado aka yi.

Babu burki fa. Babu sitata kuma, wani ne ya tsaya a gaba ya wulwula farfela da hannu kamar mai tada injin niƙa, sai a karo na uku ya kama. A wutsiya ba taya, wani ƙarfe ne ke jan ƙasa, shi ya sa ya fi son ciyawa. Tankin mai yana saman kanka, ni a gaba matuƙi a baya, ba rufi ba komai, sun dai ba ni jaket ɗin fata da hula da tabarau, duk da haka sanyi sai da ya shiga ƙashina. Injin Gipsy Major ne mai ƙarfin doki 130, gudunsa bai fi na direba mai sauri a hanyar Kano zuwa Zariya ba sosai, shi ya sa kana ganin gonaki da shanu ɗaya bayan ɗaya. Can matuƙin ya ce in riƙe sandar tuƙin, na ɗan taɓa kawai jirgin ya karkace iska ta mare ni ta gefe, yana ta dariya a kunnena. Nan na gane me ya sa aka koyar da dubban matasa da shi lokacin yaƙin duniya na biyu, ba ya rufa wa kowa asiri, kuskure kaɗan zai nuna. Sama da 8,000 aka ƙera, har kamfanin motoci na Morris a Cowley da ke Oxford aka sa ya riƙa haɗa su.

Da wani sabon jirgin koyon tuƙi mai suna Chipmunk ya gaje shi a farkon shekarun 1950 sai aka yi ta sayar da su da araha, ƙungiyoyin masu sha'awar tuƙi suka kwashe, a New Zealand taki suka koma watsawa a kan tuddan kiwo, wasu suna jan jirage marasa inji, wasu ma aka faɗaɗa cikinsu suka zama kujera huɗu ana ce musu Jackaroo.

To ya biya? A wurina eh, amma da tsada, kuma mintunan da suka rubuta har da lokacin da kuke gangarawa a ƙasa, ka tambaya tukun. Bidiyon da suke sayarwa daban kar ka saya, nawa ba abin da ake ji sai hucin iska. Ka je da bazara, ka saka riga biyu a ciki, kuma kar ka cika ciki kafin ka hau.